Kakin da Aka Kai Asibiti

Barau ya fizge kwalbar daga hannun Turai tun kafin ta kai ta baki.

"Kakin matata ne zai je hannun ƙartin asibiti, su yi ta leƙa shi? Wallahi ba a gidana ba!"

A shekarar da naira ta kori fam ne, Turai ta yi sati biyu tana tari da zazzaɓi. Da ƙyar ya bar ta ta je asibitin Birnin Kudu, inda Malam Iliyasu mai ɗakin gwaji ya ba ta 'yar kwalba, ya ce ta tofa kakin safe a kawo. Ya yi mata bayani dalla-dalla: za su shafa shi a gilashi, su zuba rini, su duba a madubin ganin ƙwayoyin cuta. In an ga ƙwayar tarin fuka, akwai magani. In ba a gani ba, to muguwar mura ce, irin wadda ƙwayarta ta fi ƙarfin madubinsu don ƙanƙanta, kuma za ta wuce da kanta.

Shi kuwa Barau mai tsire ne a bakin tasha, ga shi an fara tsegumi wai akwai mai tarin fuka a gidansa. Wa zai ci naman irin wannan gida? Takarda kawai yake so wadda zai toshe bakin mutane da ita. Sai gogan naka ya yi gyaran murya, ya kakaro nasa, ya tofa a kwalbar mai ɗauke da sunanta.

"Malam, ai ba haka aka ce ba."

"Rufe min baki! Ni lafiyayye ne, takarda za ta fito fes."

* * *

Kwana uku bayan nan Barau ya shigo ko sallama babu. A lokacin zazzaɓin ya saki Turai, har ta daka gero da safe. Ya jefa mata takarda a cinya.

"Ga shi nan, sun ce an gani. Tarin fuka gare ki."

Turai ta kalle shi baki buɗe. 

"Ni? Malam, ka ji tsoron Allah. A gabana ka tofa."

"Sunan wa ke jiki? Nawa ko naki?"

Ya fi kowa sanin gaskiya, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Kafin la'asar ya zaga unguwa yana nuna takardar, yana cewa Allah ya tona asirin wadda ta so ta kashe masa kasuwa. Matan da suka saba aron turminta suka riƙa toshe hanci da gefen zane. Uwarsa ta ware mata kwano da moɗa, ta janye jikarta Hapsatu, mai shekara huɗu, daga jikin Turai. Washegari ya ba ta saki ɗaya, ya ce ta koma gidansu a Gwaram.

* * *

Kafin ta hau mota sai da ta biya asibiti ta faɗa wa Malam Iliyasu komai. Ransa ya ɓaci.

"Kun mai da mu mahaukata ke nan? Wanda ya tofa ɗin nan ƙirjinsa cike yake da ƙwayar, kuma zai shafa wa na kusa da shi. Ki turo shi a fara masa allura."

"Na isa? Ya sake ni."

"To ita yarinyar, a raba ta da shi."

Ta koma gidan a guje, ta tarar da Barau zaune a zaure. Ya miƙe ya tare ƙofa.

"Ka ba ni 'yata, ko wata uku ne, har ka yi magani. Na rantse ba zan faɗa wa kowa ba."

"Mai tarin fuka zan ba wa 'yata? Fice kafin in tara miki jama'a!"

Maƙwabta suka fito, kowa ya goyi bayansa. Wani dattijo ma ya ce ta ji tausayin yarinyar ta tafi da ciwonta.

Ta ja da baya zuwa bakin hanya, ƙullin kayanta a ka, tana jin tsanarsa har cikin ƙashinta. Barau ya koma kan tabarma, ya ɗora Hapsatu a cinya. Tari ya turnuƙe shi, ya tare da tafin hannu, ya goge a riga. Da wannan hannun ya gutsiro tuwo, ya hura don ya huce, ya sa mata a baki.