Sakan Bakwai na Kanari

Wata huɗu bayan rasuwar mai gyaran agogo, matarsa ta koma zama wurin autarsu, a ɗaki biyu da falo a hawa na uku. Abu uku ta ɗauko daga shagonsa: kujerar katakon da yake zama a kai, agogon aljihunsa, da ɗan tsuntsu kanari a keji.

Kanarin ne ya zama fitina. A shago yakan yi waƙa da safe, ya ɗan taɓa da la'asar, shi ke nan. A nan kuwa tun fitowar rana har faɗuwarta bakinsa ba ya rufuwa. Ga shi Auta ma'aikaciyar jinya ce, aikin dare take yi, da rana take samun barci.

"Mama, jiya saura ƙiris in ba mara lafiya maganin na kusa da shi," in ji ta, tana tsaye a ƙofar falo, idanu jajir. "Na ba shi mako guda. In bai yi shiru ba, akwai wata a wurin aikinmu da ke so."

"Tsuntsun babanki ne fa."

"Wasu gida ake bar musu, mu an bar mana ƙararrawa mai fuka-fuki. Mako guda, Mama."

Masu ba da shawara ba su yi wuyar samu ba. Matar hawa na biyu ta ce a lulluɓe kejin da baƙin zane, zai ɗauka dare ya yi. Aka lulluɓe. Ya ci gaba daga ciki, muryar ta koma kamar daga rijiya take fitowa. Mai gadin ginin ya rantse kaɗaici ne, a rataya masa madubi. Ko kallon madubin bai yi ba. Wata kuma ta ce a rage masa abinci. Wannan kam tsohuwar ba ta gwada ba, don a shekarunta ba ta taɓa ganin yunwa ta sa mai rai yin shiru ba.

Rana ta huɗu ta je wurin mai sayar da tsuntsaye. Shi kaɗai ne ya yi tambaya kafin ya ba da magani.

"Akwai rediyo a ɗakin, Mama? Firji? Famfo mai ɗiga?"

"Duk akwai."

"To ai kin tara masa abokan hira. Kanari amsawa yake yi. Ki kashe abin da yake ji, ki ga in bai kama bakinsa ba."

Washegari da hantsi, Auta ta gudu gidan ƙawarta neman barci. Tsohuwar ta kashe wutar gidan gaba ɗaya, ta ɗaure famfo, ta rufe tagogi, ta cire batirin agogon bango. Falon ya yi tsit har tana jin bugun jini a kunnenta.

Kanarin bai fasa ba. Sai dai yanzu da babu wata ƙara, ta ji abin da ba ta lura da shi ba a da. Waƙar ba a haɗe take ba. Yakan rera, ya tsaya, ya karkata kai, sannan ya sake. Matar mai agogo ce, sai ta ɗauko na aljihun ta auna tsayawar. Sakan bakwai. Ta sake aunawa har sau goma sha biyu, ba ƙari ba ragi.

Kuma duk tsayawar, wuri ɗaya yake kallo: kujerar katakon nan.

Ta tashi ta ja kujerar zuwa ɗaya bangon. Ya rera, ya tsaya, ya juya kai ya bi ta. Ba mazaunin yake kallo ba. Sama kaɗan yake kallo, daidai inda kan mutum zai kai in yana zaune ya ɗan duƙa.

Nan ta tuna fiton. Maigidan yana da wani ɗan fito da yake yi in ya maƙala gilashi a ido ya duƙa kan aiki. Ya yi, tsuntsun ya amsa, ya sake yi. Shekara da shekaru tana ce masa ya ishe ta. Kuma mutum ne da ba a katse shi, ko a magana ko a fiton. In aka katse shi ba ya faɗa, sai ya miƙe ya fita yana jan ƙafarsa mai ciwo. Ta bi fiton a zuci, idonta a kan agogo. Ya ƙare daidai kan sakan na bakwai.

Sabo ne, ta ce wa ranta. Ita ba mai yarda da kowane zance ba ce. Amma ta mayar da wutar gidan da sauri, kuma ranar ba ta ƙara ratsawa ta gaban kujerar ba, zagayawa ta riƙa yi.

Rana ta bakwai Auta ta dawo daga aiki da kwali an huda shi ta ko'ina.

"Da la'asar ƙawata ta wurin aiki za ta zo ɗauka. Kada ki kalle ni haka, Mama, na yi haƙuri."

Ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Tsohuwar ta zauna gaban kejin. Mai tsuntsaye ya ce a kashe abin da yake ji, ita kuwa hanya ɗaya ta sani ta sa mai wannan fiton ya yi shiru. Ta daɗe tana duban kwalin, tana duban kujerar.

"Ka yi haƙuri, Maigida," ta ce a hankali. "Yarinyar nan ba ta barci."

Ba ta taɓa yin fito ba a rayuwarta. Da kanarin ya tsaya ta tsuke baki, iska kawai ta fita. Karo na biyu ta kai rabi ta kuskure, shi kuwa bai kula ta ba, sai da ya jira bakwai ɗinsa suka cika. Karo na uku ta lasa leɓe ta shiga da ƙarfi tun daga farko, ta kai shi har ƙarshe.

Kanarin bai amsa ba. Kansa ya ɗaga sama kaɗan, sannan ya fara juyawa daga kujerar, a hankali, yana ɗan tsayawa yana ci gaba, ya bi jikin bango har ƙofar fita. Nan ya tsaya. Can ya sauka ya sha ruwa.

Auta ba ta farka ba sai gab da la'asar. Ta fito tana miƙa.

"Kai, Mama! Me kika yi masa?"

"Katse wa mutum magana na yi."

"Wa?"

"Ki kira ƙawar taki ki ce an fasa."

Kanarin ya zauna a gidan. Yana ci, yana wanka, yana gyara gashinsa, amma ko ƙis bai ƙara cewa ba. Auta ta yi ƙiba har ana tambayarta sirrin. Ranar da ta ce a fitar da kujerar nan baranda tunda ba mai zama a kai, uwar ta ce a bar ta inda take.

Kullum da hantsi takan buɗe ƙofar fita ta bar ta a buɗe, ta zauna da agogon a tafin hannu, idonta a kan tsuntsun ko zai juya kai. A zamansu na shekara arba'in da ɗaya, Maigidan bai taɓa wuce kwana uku yana fushi ba. Yau kwana goma sha tara.