Kukan da Ba na Haske Ba

Shekara ashirin ina gyaran rediyo a Kano kafin na koma makaranta, shi ya sa yaran ɗakin gwajinmu a Kuala Lumpur suke kirana Baba Datti. Aikinmu auna ƙarfin haske da sauti. Fitila za ta riƙa ƙyaftawa a kan baƙin faranti cikin rufaffen gwangwani, iskar ciki ta ɗumama ta yi kuka, makirfo ya ɗauka. Gwargwadon hasken, gwargwadon kukan. Da hannuna na haɗa gwangwanin nan.

Da korona ta rufe gari, jami'a ta ce mutum ɗaya za a ba takardar shiga ɗakin gwajin. Farfesa ta ba Bahauddeen, wanda na yi kusan haifa, don Turanci a bakinsa kamar ruwa. Ni kuwa ina gida a unguwar Sri Petaling ina kallon jirgin ƙasa yana wucewa babu kowa.

Ran Talata ya kira ni a bidiyo, takunkumi a haɓa.

"Baba, na gama saita na'urarka fa! Saurara."

Ya jona ta da lasifika. Wani gurnani na ji mai kauri, irin na rediyon da wayar ƙasanta ta tsinke. Kukan lantarki ne, ba na haske ba. Duk awon da ya yi na banza ne, kuma ran Juma'a zai nuna wa Farfesa. In ya kai shi haka, takardar ta faɗo hannuna.

"Madalla," na ce.

Kwana biyu ina cika ina batsewa. Ba tausayinsa ne ya kama ni ba. Tsoro na ji kada a ce gwangwanina ne ya yi ƙarya. Ran Alhamis na kira shi.

"Cire hularka ka rufe bakin fitilar."

"Baba, surkulle kuma aka koma?"

"Rufe dai."

Ya rufe. Gurnanin ko raguwa bai yi ba. Ya daɗe yana kallon hular kafin ya ce, "Innalillahi." Na faɗa masa wayar da zai ɗaure, da inda zai ɗaura ta.

A taronmu na bidiyo ran Juma'a, Farfesa ta yaba kaifin kunnen Bahauddeen da ya gano kukan lantarkin, ta ƙara wa takardarsa wata guda. Ya sunkuyar da kai, bai ambaci sunana ba. Ni ma ban tona ba.

Bayan la'asar sai ga gurasar roti da shayi daga mamak, shagon abincin Indiyawa, shi ya aiko. Matata Hureira ce ta ci.