Kwamfuta Mai Ƙamshin Banda

Tun kafin in kwance kusoshin kwamfutar na ji ƙamshin bandar kifi ya cika mini shago. Na daɗe ina gyara a Bagudo, amma ban taɓa buɗe kwamfutar da ta sa ni jin yunwa ba sai ranar.

Ta Saratu ce, ɗalibar jinya da ke ɗaukar darasi ta intanet, kuma kwamfutar ta daina kamo komai. Mahaifinta ya rako ta, Malam Usuman, masunci daga wajen Lolo. Ya zauna a bakin benci yana kallon hannuna.

Ɗan katin da ke kamo intanet bai fi ɗan yatsa ba. Hayaƙi da maiƙo sun daskare a kansa kamar gindin tukunya. Raina ya ɓaci, don na tsani a wulaƙanta kayan aiki, kuma bakina ba ya da birki. Na ɗago zan fara faɗa, sai Saratu ta girgiza mini kai a hankali. Nan na gane tsohon ne ya yi ɓarnar bai sani ba, ita kuma ba ta so ya ji kunya.

Na haɗiye maganata. Na zare wayoyi biyun da ke jikin katin, baƙa da fara, na cire katin, na goge wurin, na sa sabo. Da na kunna, ta kama tsaf.

“Mi ya same ta, yaro?” in ji tsohon.

“Tsufa ne, Baba.”

“To madalla. Ruwan kogi na sake tasowa. In mun koma sai in maishe ta bisa rufin ɗakin banda, can ruwa ba ya kaiwa.”

Na dubi Saratu, ta sunkuyar da kai. Idan na yi shiru, sabon katin ma ya tafi, da karatunta. Ban ji daɗin abin da zan faɗa ba ko kaɗan.

“Baba, ba tsufa ba ne. Hayaƙin bandar ne ya kashe ta.”

Ya ɗauki tsohon katin, ya kai hanci, ya daɗe yana juya shi a tafin hannu.

“Wurin taruna ne na kamun kifi,” ya ce. “Sa'ad da ruwa ya shigo, ni sauke shi ni aza ta. Ruwan ya tahi da tarun.”

Saratu ta ɗago da sauri. Ashe ita ma ba ta sani ba.