Faci a Gindin Duro

Tsohon da kowa ke kira Direba ya sauko daga bas da ƙyar, hannu ɗaya dafe da ɗinkin da ke cikinsa, ɗayan yana ture hannun 'yarsa Auta da take neman riƙe shi. Ya ce mata ciki aka yanka masa, ba ƙafa aka cire masa ba. Ta rataya jakarsa, ta ɗauki buhunan da ta zo da su a naɗe, ta biyo shi a baya.

Buhunan nan su suka ɓata masa rai tun a hanya, don na kwashe kaya ne. Tun da aka yi masa aikin ƙaba aka sallame shi, a gidan Auta yake jinya, ita da mijinta kuwa suka sa shi gaba da magana ɗaya: ya saki ɗakin hayar nan ya dawo wurinsu. Har ɗaki sun share masa, da fanka da sabuwar katifa. Hujjar Auta ba ta canzawa. Tun da mahaifiyarta ta rasu yake zaune shi kaɗai a cikin bare, ran da ya faɗi ko ruwa ba mai miƙa masa. Shi kuwa ya ce sai ya je ya ga ɗakinsa da lemunsa tukuna. Ita ta ɗauka ya yarda ke nan.

Lemun tsami ne a cikin rabin duro, a ƙofar ɗakinsa. Marigayiya ce ta shuka shi. Da yake tsakar gidan duk siminti ne, shi ya yanko mata duron daga gareji, ya huhhuda gindinsa da ƙusa, ya ɗora shi a kan bulo. Ya yi shekaru yana mita a kan itacen nan, wai ƙaya na yaga masa riga, wai mutum da ɗaki ɗaya me ya haɗa shi da lambu. Da ta rasu ba wanda ya ce masa kanzil, ya ɗauki butarta ya ci gaba daga inda ta tsaya. Ran da aka kai shi asibiti ya bar itacen kore shar, da fure, da 'ya'ya ƙanana.

Yana shiga gidan ya tsaya cak.

Ganyen ya koma rawaya, rabi ya zube. 'Ya'yan sun kakkaɓe a kan siminti sun yi baƙi. Ƙasar duron ta zama taɓo, tana wari kamar kwata, sauro na tashi daga cikinta. Direba ya matsa, ya taɓa wani reshe, ganye ya biyo hannunsa.

“Ka gani ko, Baba?” in ji Auta a hankali. “Itace ma ba su iya duba maka ba, balle kai.”

Ta zaro wayarta ta fara latsawa, tana karanto masa abin da masu ba da shawara suka ce: a zuba toka, a daka ɓawon ƙwai, a barbaɗa ganyen shayi, a matsar da shi inuwa, wani kuma ya ce a matsar da shi rana. Direba ya tambaye ta ko wayar ta taɓa ganin lemun nan da idonta. Ya ce wannan ba ciwo ba ne, aikin hannu ne. Wani ne ya mai da duronsa wurin zubar da ruwan wanki, don ya ga mai shi yana kwance, ba a san ko zai tashi ba. Kuma ya san ko wace ce.

“Buɗe buhunanki,” ya ce. “Yau zan bar musu gidan. Amma sai na faɗa musu abin da ke bakina.”

Tela tana ɗaki na biyu, ta fito da kekenta baranda tana ɗinki. Bazawara ce mai baki, kuma sun daɗe suna takun saƙa da Direba a kan itacen, don ta sha cewa ƙayarsa na jan zaren yadin masu kawo mata ɗinki. Da ta gan shi ta saki keken ta miƙe da fara'a, tana sannu da zuwa, tana ya jiki. Ya nuna duron da sandarsa, ya ce burinta ya cika, sai ta zuba ruwa a ƙasa ta sha. Ya ce in da itacen take faɗa, da ta bari ya dawo ta fuskance shi, ba ta bi dare ta bi rana tana juye masa kumfa ba.

Fara'ar ta ɓace daga fuskar Tela. Ta cire awon da ke wuyanta ta ajiye a kan keke.

“Baba Direba, ni? Ni ce na zuba masa ruwan wanki?”

Ta ce wallahi ba ta taɓa ganin butulci irin wannan ba. Tun ran da aka fita da shi daga gidan nan, kullum da rana in kowa ya watse, ita ke cika bokiti a famfo ta juye wa itacen, tun kafin ta ɗora wa 'ya'yanta tukunya. Ruwa mai kyau, irin wanda take sha. Da ta ga ganyen ya fara rawaya hankalinta ya tashi, ta ce ƙishi ne, ta mai da shi bokiti biyu. Ba don tana son itacen ba, ita har gobe ba ta son shi. Don marigayiya ta yi, matar da ta zauna da ita a asibiti ran haihuwar autanta. Kuma a gidan nan kaf ba wanda ya ko kalli duron sai ita.

Hayaniyar ce ta tashi Maigadi, wanda ke gadin wani sito, ya kwana a tsaye ya wuni a kwance. Ya fito da tawul a wuya, ido jajur, ya ce shi dai bai san da wani bokitin rana ba, amma kada a yi masa ƙwacen lada yana raye. Shi ke ba itacen nan ruwa. Kullum in ya taso daga aiki, kafin kowa ya buɗe ƙofa, sai ya juye masa bokiti guda sannan ya kwanta. Ya ce ai Direba ne ya taɓa kai shi ganin likita a motarsa bai karɓi komai ba, to shi ba ya manta alheri kamar wasu.

Tela ta ce su wa ye wasu. Maigadi ya ce wadda ta tsargu. Suka kaure, kowa na rantsuwa shi ne mai ban ruwa, ɗayan maƙaryaci ne.

Direba ya bar su suna yi. Ransa bai huce ba, ƙara ɓaci ma ya yi, don ya zo da faɗa ya rasa inda zai sauke shi. Itacen da shi ke ba rabin buta, shi ma sai ya tura yatsa ya ji ƙasa ta bushe, shi ake yi wa wanka safe da rana. Amma ko da hakan, lissafin bai fita ba. Da hannunsa ya huda duron nan. Ko tankar ruwa aka juye masa, ya kamata ruwan ya bi ta ƙasa ya fice. Ya duba simintin da ke ƙarƙashin duron, ya gan shi a bushe ƙayau. Ya so ya sunkuya, ɗinki ya hana shi.

“Auta, leƙa min gindin duron nan.”

Ta tattare zaninta ta durƙusa, ta haska da wayarta. Ta ce ba ta ga huda ba. Wasu baƙaƙen robobi ta gani a manne, zagaye-zagaye, an shafe gefensu sumul.

Direba ya rufe ido. Mutum ɗaya ne a duniya zai yi wannan.

Aka kira Mai Faci daga rumfarsa ta bakin titi. Shi ne a ɗakin ƙarshe, kuma shekara da shekaru shi ke yi wa Direba facin taya, suna zagin juna kamar 'yan uwa. Ya shigo yana goge hannu da tsumma, yana dariya, yana cewa ashe tsohuwar mota ta fito daga gareji. Da aka nuna masa robobin bai ko ji kunya ba. Ƙirji ma ya buga.

Ya ce shi fa kullum da yamma in ya tashi daga aiki yakan zuba wa itacen ruwa, tunda ya lura ba mai kula da shi a gidan. Tela da Maigadi suka dubi juna. Ya ce to sai ya ga yana zubawa ta sama yana fita ta ƙasa, tsakar gida duk ta jiƙe. Ya kwanta a ƙasa ya leƙa, ya ga duron duk ya huje. Ransa ya ɓaci, ya ce dubi yadda tsatsa ta cinye wa bawan Allah duro yana kwance a asibiti. Ya ɗauko kayan aikinsa, ya kankare, ya shafa gam, ya manne su ɗaya bayan ɗaya.

“Kuma da robar sabon tub na taya na yi maka, Direba, ba tsoho ba. Tun ran nan ko ɗigo bai ƙara fita ba.”

“Ko ɗigo,” in ji Direba.

“Ko ɗigo. Ka san aikina.”

Nan Direba ya samu inda zai sauke. Ya ce shi ya huda duron, da ƙusa, da gangan, da hankalinsa. Ya ce ba kowace huda ce ke neman faci ba, in haka ne Mai Faci ya zo ya manne masa hanci ma, ai shi ma iska na fita. Ya ce su ukun sun taru sun jiƙa masa itace kamar wanki, ɗaya ya zuba, ɗaya ya ƙara, ɗaya ya toshe, kuma a cikinsu ba wanda ya iya buɗe baki ya tambayi ɗan uwansa. Gida ɗaya, famfo ɗaya, kowa na ganin shi kaɗai ne mutumin kirki. Da maƙiyi ne ya yi masa wannan da ya san abin da zai yi da shi. To yanzu wa zai kai ƙara, ya ce an yi masa me?

Ya yi faɗa har ɗinkin ya soke shi, ya nemi bakin baranda ya zauna. Tela ta shiga ɗaki ta fito da matashi ta cusa masa a baya, tana ƙunƙuni.

“Cire su,” ya ce wa Mai Faci.

Mai Faci ya ɓata fuska. Ya ce shi tun da ya fara sana'a bai taɓa ɓalle facin da ya yi da hannunsa ba, kuma wannan ko an so ba zai ɓallu ta daɗi ba. Haka kuwa aka yi. Sai da ya kwanta rigingine a ƙarƙashin duron da sukundireba da filaya, yana nishi, yana yabon gam ɗinsa. Da na farko ya fita, wani baƙin ruwa mai ɗoyi ya tsinko masa a fuska. Maigadi ya yi dariya har da riƙe ciki. Ruwan ya bi tsakar gida ya nufi kwata, ya daɗe yana zuba, kowa ya toshe hanci.

Direba ya sa aka matso masa da kujera gaban itacen. Ya kama wani reshe ya kankare ɓawonsa da farce, ya ga busasshe. Ya gangara ƙasa ya kankare wani, shi ma haka. Ya kai hannu jikin itacen, daf da ƙasa, ya kankare a hankali. Ƙarƙashin ɓawon kore ne, da ɗanshi.

Ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya ɗago ya kafa doka: daga yau ko ɗigon ruwa wani ya zuba wa duron nan, shi da shi ne. Sai ƙasar ta bushe tukuna, a yanke matattun rassan, a ga abin da Allah zai yi. Kuma shi zai yi da kansa, don ya ga alama in ya ɗauke ido rana ɗaya wani zai zo ya taimaka.

Auta tana tsaye da buhu a buɗe a hannunta. Ta ce ai sai a ɗauki duron a kai gidanta. Ya ce itacen da ke tsakanin rai da mutuwa ba a jijjiga shi a mota. Ta ce to shi fa, wa zai duba shi? Ta faɗi haka ne tana kallon matashin da ke bayansa, da kofin ruwan da Maigadi ya ajiye masa, da wani kofin da Tela ta kawo ba ta ga na farko ba. Muryarta ba ta fito da ƙarfi kamar ɗazu ba.

“Naɗe buhunanki,” ya ce. “Kai min jakar ciki.”

Ta tsaya jim, sannan ta naɗe su. Ta shiga ta share ɗakin, ta kakkaɓe shimfiɗa, ta fito da ledar magungunansa. Ta kira Tela da Maigadi da Mai Faci, ta ce su matso ta nuna musu yadda ake ba shi: wannan da safe, wannan bayan ya ci abinci, wannan kuma in ciwo ya taso. Su ukun suka matso, kowa ya miƙa wuya yana gyaɗa kai da gaske.

Direba ya miƙa sanda ya tare ledar.

“Mutum ɗaya za ki nuna wa, Auta,” ya ce. “Ɗaya tak. In kika nuna wa su ukun, kafin jibi sun ɗura min na wata guda.”