Ɗakin da Ake Buɗe wa Baƙi

Tun tana rarrafe babanta ya laƙaba mata 'Yar Ɓarna, kuma ba ƙazafi ya yi mata ba. Babu durowar da ba ta zazzage ba a gidan. Ta taɓa cika takalminsa da ruwa don ta ga ta ina zai zuba. Uwarta, wadda ke wuni a tsaye a shagon magani, takan dawo ta yi ta faɗa har muryarta ta dishe, amma a ranta tana jin daɗin wayon 'yarta.

Shi ya sa ta ja ta tsaya ranar da ta ga allon wata makarantar ƙananan yara a hanyarta ta zuwa aiki. An rubuta MONTESORI, sunan wani tsarin koyar da yara, da jan fenti ɓaro-ɓaro, a ƙasa kuma aka ce, "Yaro yana koyo da hannunsa." Ta ce yauwa, ga inda za a san darajar ɓarna.

Mai makarantar, wata Hajiya mai zaƙin baki, ita da kanta ta buɗe mata ɗakin farko. Kantoci gajeru daidai tsayin yara, tubalan katako kala-kala, 'yan butoci da kofuna, ga wasu yara tsaf-tsaf a kan darduma, kowa riƙe da abin wasa. Uwar ba ta ko nemi ganin sauran ɗakunan ba, ta sa 'yarta a makarantar.

Kafin zangon karatu ya yi nisa, gida ya yi tsit. Inda ka ajiye abu, nan za ka same shi. Yarinyar takan naɗe hannu a ƙirji ta rera haruffa tun daga farko har ƙarshe, da wata irin murya da ba tata ba.

"Kin gani?" in ji babanta. "Makaranta ta yi aiki."

Ita kam shirun bai kwanta mata ba.

Wata safiya aka manta da kwanon abincin yarinyar, sai ta roƙi izini a wurin aiki ta kai mata da hantsi. Ɗakin nan mai kyau a kulle yake da kwaɗo. Ta bi amon muryoyi zuwa bayan gini, ta leƙa ta taga. Yara ne cunkushe a kan benci, hannuwa a naɗe, malama tana ƙwanƙwasa allo da rula, suna maimaitawa. Ko tsinke babu a gabansu.

Tana nan tsaye sai ga mai gadi ya leƙo ajin ya ce wa malamar, "Anti, an yi baƙi."

Nan da nan malamar ta ajiye rula, ta bi layi tana duba riguna. Ta zaɓo waɗanda tufafinsu ba su ɓaci ba, har da 'Yar Ɓarna. Aka buɗe kwaɗo, aka jera su a kan darduma, aka danƙa wa kowa tubali.

"Ku riƙe kawai. Wanda ya taɓa kantocin nan, ni da shi ne," in ji malamar.

Sai a lokacin uwar ta gane. Wato yaran da ta gani ranar farko, haka aka dasa su! Ta daure har baƙin suka gama sha'awa suka tafi, sannan ta faɗa ofis.

"Hajiya, yaushe yara suke wasa da kayan can?"

"Haba, maman yara, zauna mana. Kin san yaran yanzu. In aka sakar musu kayan nan, ai kafin mako sun zama tarihi."

"To, don wa aka sayo su?"

"Don makaranta mana."

"Abin da kuka rubuta a allo fa?"

Hajiya ta yi 'yar dariya, irin wadda ake yi wa wanda bai san duniya ba. "Ai kowa shi yake rubutawa. In babu sunan, ku iyaye ba kwa ko waiwayo. In kuma yaro ya koma gida bai iya rera haruffa ba, ku ne za ku fara zuwa da faɗa. Ki kwantar da hankalinki, sabon zango ma za mu ƙaro wani tsarin, na ƙasar waje. Har na kira mai fenti."

Mai fenti! Ba malami za a kira ba, mai fenti. Uwar ta juya. Ta fita ta kama hannun 'yarta, ba ta koma shagon ba ranar.

Suna isa gida ta shiga kicin kamar wadda aka aiko. Ta kwaso tukwane da murafensu, da ludayi, da gwangwanin maɓallai, da takalmin baban da kofin ruwa, ta zube su duka a tsakar falo. Duk abin da ta shekara tana hanawa, yau ita ce mai miƙawa.

"Zo, 'yar albarka. Taɓa. Duk naki ne, ki ɓata yadda kike so."

Yarinyar ta dubi kayan, idonta ya daɗe a kan gwangwanin maɓallan. Sai ta zauna ta tanƙwashe ƙafa, ta ɗauki murfin tukunya guda ta riƙe da hannu biyu, ba ta motsa ba. Ta waiga ƙofa, ta rage murya.

"Mama, baƙi ne suka zo?"