Atishawar Mai Aski

Duk shekara, da ciyawar filin ƙwallon da ke bayan shagon aski ta fara fure, Dogo ya shiga uku. Idanu su yi jajir, hanci ya dinga zuba, atishawa kuma ba ta sallama. Bana ta zo masa reza na kan wuyan wani direba. Yankan bai yi zurfi ba, amma mai shagon ya karɓe kujerar, ya ce in hancin bai lafa ba kafin wata ya ƙare, akwai mai jiran wurin.

Ƙwayoyin kemis barci suke sa shi. Surukinsa ne ya ba shi labarin wata allura, sitiroyid, wadda aka yi wa surukin sau ɗaya ya manta da mura har ciyawa ta bushe. Dogo ya shiga ofishin likita da hannun riga a naɗe.

Likitar ta duba katinsa ta ce ya warware hannun rigar. Yana da ciwon suga. Allurar in ta shiga jiki makonni take yi, ba mai iya fitar da ita, kuma za ta tayar masa da sugan.

"Likita, sugan zan iya lallaɓa shi," in ji Dogo. "Mai shago ne ba ya lallaɓuwa."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce ya faɗa mata yadda yake aiki tun daga buɗe ƙofa. Ya ce yakan yi shara, ya wanke tawul, ya shanya su a wayar da ta zagaye filin. In sun bushe ya kwaso, ya sunsuna kowanne, domin wanda ya koya masa aski ya ce tawul mai wari ya fi mugun aski korar mutane. Sannan ya rataya ɗaya a wuya, da shi yake goge fuska har a tashi.

"Ashe da hannunka kake kai wa hancin ƙurar furen," ta ce.

Ta rubuta masa maganin fesawa a hanci, kullum, ko ranar da ya ji garau, da ƙwayar da ba ta sa barci. Ba ta yi masa alkawarin komai ba.

Ya ɗaura igiyar shanya tawul a ɗakin baya, ƙarƙashin fanka. Barin sunsunar ya fi ba shi wuya, sau da yawa sai tawul ya kai haɓarsa yake tunawa. Atishawar ba ta ɗauke gaba ɗaya ba, amma ta ragu, kuma yanzu takan ba shi lokacin ajiye abin da ke hannunsa.

Mai shagon ya yi ta kallonsa ta madubi. Ana saura kaɗan wata ya ƙare, da hantsi, ya cire hula ya zauna a kujerar da kansa, ya ɗaga haɓa.

"Fara da ni, Dogo. In yanka ne, gara wuyana da na mutane."

Dogo ya shafa masa kumfa, ya sa sabuwar reza. Da ya gama, mai shagon ya shafa wuyansa, ya dubi tafin hannunsa, ya tashi ya ce wa na farko a benci ya zo ya zauna.