Malam Bai Yarda Ba

A Kafin Dafga, in aka ce "matar Malam" ba sai an faɗi suna ba, kowa ya san Laure ake nufi. Shekara talatin da huɗu tana gidan Malam Abdulsalami. Ita ke biya wa matan aure karatu da hantsi a tsakar gida, ita ake kira in za a yi wa mace wankan gawa, ita ke shiga tsakani in uwar miji da suruka suka saɓa. Yaran da suka tashi suka gan ta da carbi za su rantse da shi aka haife ta. Ba su san komai ba. Je ka Beli, can ƙasar Rogo inda aka yanke mata cibiya, ka tambayi tsofaffi. Za su gaya maka a zamaninta babu zabiyar gaɗa kamar Laure. Ita ke ba da waƙa, ta shiga tsakiya ta juya, ta saki jiki ta faɗa da baya 'yan mata su cafe ta su mayar da ita fili. Kuma kullum hannun da ke fara tarar ta na ƙanwarta Barira ne.

A daminar 1991 Barira tana tsaye a bakin turmi ta yanke jiki ta faɗi. Ɓarin jikinta na dama ya shanye. Laure ta je Beli ta kwana huɗu, ta yi tofi, ta yi kuka, ta dawo. Allah ya taimaka, baki ya miƙe, ƙafa ta fara taka ƙasa. Hannun ne ya ƙi, yana reto a gefenta kamar ba nata ba.

To, a lokacin an kawo wata malamar asibiti Beli, ana ce mata Saudatu. Can Kano inda ta yi karatu, wata 'yar Indiya ta koya musu wani irin motsa jiki da ake kira yoga, na miƙe gaɓoɓi da jan numfashi a hankali. Da ta kawo wa matan Beli suka yi mata dariya, suka ce su ba belbela ba ne da za su tsaya a ƙafa ɗaya su yi shiru. Yarinyar tana da kai. Sai ta haɗa abin da gaɗa: a yi tafi, a ba da waƙa, hannu ya bi waƙar sama, ƙugu ya bi ta gefe. Litinin da Alhamis bayan la'asar, a gidan ungozoma, ƙofa a rufe, ko jinjiri namiji sai a bayan uwarsa. Masu ciwon baya da masu jego suka cika gidan. Mutanen gari suka sa wa abin suna "miƙar Saudatu".

Saudatu ta ce hannun Barira zai iya tashi, amma fa sai an matsa masa yanzu, tun jijiyoyin ba su ƙage ba. Barira kuwa in an kai ta sai ta zauna a kan turmi ta haɗe rai. Ta ce waƙoƙin yaran nan ba sa shiga jikinta. Ta ce in dai Yaya ce za ta zo ta ba da waƙa, ta san hannun nan zai amsa.

Maijidda, babbar 'yar Barira, ita ta kawo saƙon da goyo a bayanta. Bayan an gaisa, an tambayi mai jiki, ta sha fura, ta ce, "Inna, ba wani abu ake so ki yi ba. Ki ba da waƙa, ki ɗaga hannu ta gani ta bi ki. Ko wata ɗaya ne."

Laure ta dubi allunan matan da ke jingine a bangon ɗakinta. Gabanta ya faɗi, kuma bari in faɗa muku gaskiya, ba tsoron zunubi ba ne. Ta san karatunta, ta san mata a tsakanin mata ne. Tsoron dariya take yi. Jikin nan ya yi nauyi, gwiwa sai ta dafa bango take tashi daga sujada, murya ta shekara talatin ba ta ɗaga ba sai a kan kaji. Ta hango kanta a tsakiyar fili, zane a ɗaure a ƙugu, tana haki, 'yan matan da ba su kai jikokinta ba suna rufe baki da mayafi. Ta hango labarin ya hau mota ya sauka a Karaye, ya ƙaraso Kafin Dafga, matan da take biya wa karatu suna kallon ta suna sunkuyar da kai.

Ta ce, "Bari in shiga wajen Malam."

Ta shiga turakarsa, ta ɗauko kwanon abincin rana, ta yi masa sannu, ta fito. Ko kalma ɗaya a kan zancen ba ta furta ba.

Ta ce wa Maijidda, "Malam bai yarda ba."

Ku da kuka san ƙasar nan kun san nauyin wannan magana. Mace in ba ta son zuwa biki, in ba ta son ba da aron tukunya, sai ta ce maigida bai bari ba, shi ke nan an rufe zance. Babu mai zuwa ya tsare namiji ya ce don me, balle malami. Mata sun daɗe suna fakewa a nan, maza da yawa sun mutu ba su san abubuwan da suka hana ba. Maijidda ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ta gyara goyonta ta tafi.

Laure ba ta zauna haka kawai ba, kada a zalunce ta. Ta aika da zuma, ta aika da man shanu na shafawa, ta aika da rubutu a gora har sau uku. Komai ta aika ban da ƙafarta. Wata rana da rana tsaka, gida ba kowa, ta saki labule ta gwada. Ta ɗaga hannu biyu, ta karkata ƙugu, gwiwa ta yi ƙara, ta hango kanta a madubin sif. Kunya ta rufe ta ita kaɗai a ɗaki. Ta zauna a bakin gado ta ce wa ranta ai gara da ba ta je ba.

Da kaka Maijidda ta sake zuwa. Ta ce yatsun sun fara lanƙwashewa, ko za a ƙara roƙon Malam? Laure ta ce ai kin san halinsa, in ya faɗi magana ba ya sakewa. Wannan karon ko turakar ba ta shiga ba.

Wata bakwai aka yi a haka. Ranar wata Asabar Malam ya je ɗaurin aure Karaye, ya dawo kafin la'asar. Bai tsaya a zaure ba, ya wuce ciki ya kira ta. Ta durƙusa a bakin ƙofa.

Ya ce, "Na haɗu da Jibo, mijin Barira. Ya gaishe ni a tsaitsaye kamar baƙo. Da na matsa masa sai ya ce sun ji hukuncina, sun haƙura. Laure, wane hukunci na yanke?"

Ya jira. Malam mutum ne mai iya jira, ya saba da ɗalibin da harafi ya maƙale wa. A ƙarshe ta faɗa masa komai, kanta a ƙasa.

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ta fi jin sauƙi. Ya ce, "Mata zalla, ƙofa a rufe, don neman lafiyar 'yar'uwarki. A wane littafi kika ga na hana wannan? Da kin tambaye ni, da ni zan raka ki tasha." Sannan ya ce, "Ban ƙaryata ki a gabansa ba. Na ce masa na sake shawara. Ki shirya, jibi Litinin."

Ta hau akori-kura zuwa Karaye, ta sake wata zuwa Rogo, daga nan ta samu ta Beli a cikin buhunan dawa. Duk hanya tana addu'a motar ta lalace. Ba ta lalace ba.

Da ta shiga gidan ungozoma mata kusan ashirin ne a tsakar gida. Tafi ya tsaya cak. Aka yi ta zubewa ana gaishe ta, wata ta ruga ta shimfiɗa mata darduma a inuwa, don a zatonsu wa'azi ta zo yi. Barira na kan turminta, ta rame, hannun dama a naɗe a ƙirji. Ta ɗago ta ce, "Yaya, kin zo."

Laure ba ta zauna a dardumar ba. Ta san in ta zauna ba za ta tashi ba. Ta ajiye carbi a kai, ta zare mayafi ta ɗaure a ƙugu, ungozoma ta taya ta ƙulli. Saudatu, siririya mai fararen takalma, ta ce, "Inna, ki ja numfashi ta hanci, ki riƙe, ki sake shi a hankali. Sau uku." Ta yi. A na ukun ta buɗe baki.

Muryar ta fito a shaƙe, ta karye a tsakiya. Ta sake ɗauka. Tsohuwar waƙarsu ce ta zuwa rafi, wadda ke cewa ruwa ya kawo, 'yan mata ku tattare zane. Tsofaffi biyu a gefe suka gane ta, suka amsa. Tafi ya tashi. Saudatu ta ɗaga hannu sama, kowa ya bi, Laure ta bi. Aka karkata dama, aka karkata hagu, aka sunkuya har yatsu suka nemi ƙasa. Gwiwar ta yi ƙararta, kowa ya ji. An yi dariya kuwa, har da ita, irin dariyar da ake yi wa wanda ya dawo daga doguwar tafiya. Da waƙa ta yi zafi, ungozoma da wasu mata uku suka jeru a bayanta suka ce ta faɗo. Ta rufe ido ta saki jiki. Suka cafe ta, suka miƙar da ita tsaye.

Shi ke nan fa. Abin da ta yi wata bakwai tana gudu ke nan, bai kai tsawon dahuwar shinkafa ba. Tana tsaye tana haki, gumi na zuba, bayanta ya saki irin sakin da ta manta da shi, sai baƙin ciki ya kama ta. Da abin ya yi wuya, da ta samu abin da za ta gaya wa kanta.

Ta juya wajen Barira. Barira na amsa waƙar, hawaye na bin kumatunta, tana buga cinya da hannun hagu. Kafaɗar dama na ɗagawa tana sauka, tana bin kiɗan daidai. Amma daga gwiwar hannu zuwa ƙasa babu abin da ya motsa. Yatsun sun dunƙule sun shige tafin hannu. Laure ta durƙusa ta kama su tana son buɗewa, Barira ta ja numfashi don zafi, Laure ta sake su.

Da aka watse ta ja Saudatu bayan rumbu ta tambaye ta. Yarinyar ba ta iya ƙarya ba. Ta ce, "Kafaɗar za ta ƙara saki in ana yi. Yatsun kam sun riga sun ƙage, Inna. Ba na jin za ta sake riƙe ludayi da shi. Kin ga yadda jikinta ya amsa miki yau? Da a watannin farko ne…" Ta ga fuskar Laure, ta haɗiye sauran.

Kafin magariba suna zaune su biyu a ɗakin Barira, Laure na shafa mata man shanu a hannun. Barira ta ce, "Yaya, akwai abin da ke damuna. In kin koma ki roƙar min Malam gafara. Wata bakwai ina riƙe da shi a raina. Na faɗi maganganu a kansa a ɗakin nan da bai kamata a faɗa a kan malami ba. Kullum ina cewa da don ta Yaya ce, da a ƙafa ma ta taho. Ga shi Allah ya sauko da shi."

Laure ta ci gaba da shafawa. Malam ya rufa mata asiri, Maijidda ba ta sani ba, Jibo bai sani ba. In ta ce "to", maganar ta mutu har abada. Ta dubi yatsun da ke cikin hannunta.

Ta ce, "Barira, Malam bai hana ni ba. Ban taɓa tambayarsa ba. Tsoro na ji kada a yi min dariya."

Barira ba ta janye hannun ba, ba ta da ikon janye shi. Ta kawar da kai ta dubi bango har aka fara kiran salla a masallacin unguwa.

Sannan ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Da kin bar ni ina jin haushin Malam, Yaya. Haushinsa na iya ɗauka."